Harbin Delbert a Takardata

Ranar Talata mata ba sa biyan kuɗin layin tsayawa a gidan gwada harbi na Garland, shi ya sa Delbert ya tuna yana da mata. Ina cikin yanka kuɓewa ya leƙo kicin da hularsa a ka, ya ce in ajiye wuƙar nan in ɗauko makullin mota.

"Ina za mu?"

"Bindiga zan zaɓa. Ta Lahadi."

"Wadda kake da ita fa, mutuwa ta yi?"

"Nona, don Allah kada ki fara."

Ban fara ba. Shekara arba'in da 'yan kai ina auren mutumin nan, na san maganar da ke shiga kunnensa, na san wadda ke dawowa. Na wanke hannu na ɗauko makulli.

Delbert yana cikin mazan da ke gadin cocinmu ranar Lahadi. Shi ma ya kafa ƙungiyar, shekarar da aka yi ta nunawa a talabijin wani ya shiga wata majami'a ya buɗe wa mutane wuta. Su shida ne, kowa da kwat, kowa da bindiga a ɓoye a ƙugu, don sharaɗin da Fasto ya kafa shi ne kada wani ya ga ko inuwarta. Duk shekara Royce Tackett, wanda ke shugabantarsu yanzu, yana kai su bayan gonarsa ya gwada hannun kowa, wanda ya faɗi ya ajiye. Asabar mai zuwa ce gwajin. Bara da ƙyar Delbert ya tsallake, kuma tun daga nan yake gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗan ƙarfen saitin da ke kan hancin bindiga ne ba ya ganuwa ga tsoho, maganin abin kuwa irin na zamani, mai ɗan gilashi da jan ɗigo a ciki.

Ba ƙarfen saiti ba ne. Ina zaune a ɗakin likita a birnin Lawton aka gaya masa. Hawan jinin ido ne, ya cinye gefe da gefe, ya bar masa tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Tsakiyar kuwa tar take, zai karanta miki lambar mota daga tsallaken titi. Amma tsaya a gefen kafaɗarsa ki ɗaga hannu biyu, babu ke a duniya. Da muka fito, a cikin mota, ya ciro Littafi Mai Tsarki ya ɗora hannuna a kai, ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba, har 'yarmu. Na rantse, don kuka yake, kuma rabon da in ga hawayensa tun ranar da aka binne uwarsa. Tun daga ranar ni ke tuƙa a-kori-kurarmu, garin kuma duk sun san gwiwa ce ke damun Delbert.

Ƙofar da yake gadi kuwa ita ce ta gefe, wadda ke fita lungun ɗakin yara. A ɗakin nan jikarmu Junie take kowace Lahadi, ita da yara kusan ashirin da ba su iya tafiya ba sai gudu.

Shagon Garland warin mai yake da ƙonannen kofi, kamar kullum. Shi da Delbert aji ɗaya suka yi tun firamare. Yana hango ni ya baje gemu.

"A'a! Yau wace rana, Mis Wynona da kanta? Ko kin zo sayen wadda za ki gama da shi ne? In haka ne zan yi miki ragi."

"In da gamawa da shi zan yi, Garland, kaskon suya ya ishe ni."

Ya yi dariya har tumbinsa na girgiza, ya zagayo ya miƙa wa Delbert hannu ta gefe. Delbert yana can ya kafa ido a kabad ɗin gilashi. Hannun ya tsaya a iska. Na yi wuf na kama shi na girgiza kamar ni aka miƙa wa, ina tambayarsa ƙafar matarsa. Irin aikina ke nan watannin nan, in bi bayan miji ina share sawu.

Garland ya shimfiɗa tabarmar roba a kan kanta ya jera guda uku, ya buɗe kowace ya nuna babu komai a ciki kafin ya ajiye. Dukansu baƙaƙe, dukansu an sassaƙe musu gurbi a ƙeya an rufe da ɗan faranti mai kusoshi biyu. Ka kwance farantin, ka ɗora gilashin, ka ɗaure, shi ke nan.

"Wannan 'yar ƙaramar," in ji Garland, "ko a aljihun wando ta ɓace. Amma tsalle take a hannu kamar kifi, ƙaramin yatsanka kuma a waje zai rinƙa lilo. Ka yi harbi hamsin da ita a fili, sai ka tsani ranar da ka haɗu da ni."

"Babbar fa?"

"Babbar zuma ce a wurin harbi. Amma da tumbin nan naka, Del, ka sunkuya ɗaukar littafin waƙa, har masu barci a layin baya sai sun ga ƙotar."

"Ji wanda ke maganar tumbi! Yaushe rabonka da ganin takalminka?"

"Ni ba a coci nake ɓoye tawa ba, ɗan'uwa. Riƙe ta tsakiyar nan ka ji."

Ta tsakiyar ta zauna a hannunsa daram, duk yatsunsa suka sami wuri. Garland ya ɗauko kube ya sa masa a cikin ƙugun wando, ya ara masa wata tsohuwar kwat da ke rataye don irin wannan, ya sa shi ya zauna, ya tashi, ya sunkuya, ya ɗaga hannu kamar ana addu'a. Babu abin da ya nuna. Sannan ya ɗauko irinta ta haya wadda aka riga aka ɗora wa gilashin, ya ba shi, ya nuna masa bangon da babu kowa.

Delbert ya ɗaga ta, ya yi ta karkata wuyan hannu. "Ina ɗigon? Ban ga komai ba."

"Sauke hancin kaɗan. Duk tsofaffin hannu haka kuke, sai kun yi ta lalube. Yauwa, ƙara."

Na ga lokacin da ya same shi. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya koma saurayin nan da ya zo ƙofar gidanmu da aron mota.

"Nona! Kamar an kunna fitila! Ga shi nan ja wur, ba wani hazo."

Allah ya sani, addu'ar da na taho da ita ita ce abin ya ƙi shi, ya fusata ya zagi zamani, mu koma gida in ƙarasa kuɓewata.

"Garland," na ce, "shi gilashin nan, ɗigon kaɗai yake nuna wa mutum, ko har da abin da ke gefe?"

"Ai nan daɗinsa yake, Mis Wynona. Ido biyu ake buɗewa. Kana kallon mutumin da ke gabanka, ɗigon na kansa, kana kuma ganin duk abin da ke motsi a dama da hagu."

Delbert ya taka mini ƙafa, da gangan, da dukan nauyinsa. Na haɗiye sauran maganar.

Ya ce zai gwada biyu, ta tsakiyar da 'yar ƙaramar. Amfanina ke nan: layin harbi na biyu kyauta, a ajiye ƙaramar a gabana a cike, in ya gama da ɗaya ya zagayo ya ɗauki ɗaya. Muka toshe kunnuwa, muka sa tabarau, muka bi ta ƙofofi biyun nan masu nauyi. Can ƙarshen zauren wasu samari biyu suna ta ɓarin wuta kamar harsashi kyauta ne. Garland ya maƙala mana takardu a waya, kowace da baƙar surar mutum daga ƙugu zuwa kai, ya danna maɓalli suka tafi suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a nisa ɗaya. Ya koma shago inda yake hango mu ta gilashi.

Ni ko taɓa tawa bindigar ban yi ba. Na iya harbi, ubana ya koya mini a kan zomaye tun ban kai goma ba, amma ba na son ƙarar nan a rufaffen ɗaki, har haƙorana take shiga. Na harɗe hannu a ƙirji na tsaya. Allon da ke tsakanin layi da layi ya kare mini Delbert, sai bakin bindigarsa kawai nake gani ya leƙo.

Ya harba ta farko. Takardata ta girgiza.

Na ɗauka iska ce. Ya harba ta biyu, ta sake girgiza, na ga haske ya huda baƙin ƙirjin. Ta uku, ta huɗu. A nutse yake harbin, yadda ya saba, numfashi ɗaya harsashi ɗaya. Na kalli tasa, tana rataye shiru kamar wankin da ya bushe. Na buɗe baki in yi ihu, to wa zai ji ni? Kunnensa a toshe, samarin can suna ta nasu. Haka na tsaya ina kallo har ya zuba goma cif a ƙirjin takardata, wuri ɗaya, bakin kofi zai rufe su.

Ya danna maɓalli tasa ta taho. Na leƙa ta bayan allon. Ya cire ta daga waya, ya ɗaga ta sama wajen fitila, ya juya bayanta, ya shafa ta da yatsa. Ko ƙwarzane babu. Wuyansa ya yi ja har kunnuwa.

Garland ya shigo yana tafiya da sauri, ya kalli takardar, ya ce, "To fa." Sai idonsa ya faɗa kan tawa can nesa. Ya miƙa hannu ya danna maɓallina. Tana isowa ya kurma ihu har samarin suka dakata suka waigo.

"Kai! Kai! Delbert Pruitt, zo ka ga malaminka! Ashe shekarun nan duk mun sa wa coci maigadin da ba shi ba! Da 'yar ƙaramar nan fa, mai tsallen kifi!"

Delbert ya zagayo, ya juya kai a hankali har takardar ta shiga idonsa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya nemo fuskata.

"Ke kika yi wannan, Nona?"

Abin da ya karya ni shi ne alfahari ne a muryarsa. Kunya na cin sa, amma alfaharin na gaske ne. Samarin nan biyu sun matso suna leƙe, ɗaya har ya ciro wayar hannu. Garland na jira da haƙora a waje. In na faɗi gaskiya a nan, na tuɓe mijina tsirara a gaban abokinsa da samarin da ya isa ya haifa, kafin la'asar kuma labari ya kai gidan mai da wurin aski.

"Sa'a ce," na ce.

"Sa'ar me! Wannan bango za ta hau," in ji Garland. Ya karɓi bindigar Delbert, ya duba cikinta, ya ciro ɗan sukudireba daga aljihun riga ya murɗa wani abu a jikin gilashin. "Ta haya ce, Del. Kowane ɗan iska ya zo sai ya murɗa saitin. Sake gwadawa."

Aka maƙala masa sabuwa aka tura. Tawa tana hannun Garland, ba a sa mini wata ba. Takarda ɗaya tak ke rataye a wannan ɓangaren zauren.

Goma ya harba, goma suka shiga ƙirji. Sun ma fi na farkon matsuwa.

Yadda ya yi dariya! Ya rungume Garland, ya ce ba ma sai ya gwada ƙaramar ba, a kawo masa sabuwa a kwali, da gilashinta, da kubenta. Gwajin Royce na sani, na sha kai musu shayi mai ƙanƙara a wurin: mutum ɗaya ake kira, takarda ɗaya ake kafawa. Zai ci. Ba ma ci kawai ba, zai kayar da su duka.

A shago, Delbert ya tafi ƙarshen kanta yana cike takardun gwamnati, hancinsa kusan a kan biro. Na miƙa wa Garland 'yar ƙaramar. Ya zare gidan harsashin, sai na ga hannunsa ya tsaya, ya ɗan auna nauyinsa a tafi. Ya shiga turo harsasan da babban yatsa, suna faɗawa tabarma ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Ya leƙa cikin bakin bindigar, ya sunsuna. Ya kalle ni, ya kalli Delbert can, ya dawo da ido kan tabarma.

"Kin sake cikawa ne ko, Mis Wynona?" Da ƙyar na ji muryarsa.

"Ka san ban cika ba."

Ya shafa gemu. "Ni ma ban gyara komai ba. Gaba na murɗa na dawo da shi baya, don in ba shi ƙwarin gwiwa. Na ɗauka hannunsa ne ya yi rawa."

"To kada ka sayar masa."

"In ce masa me? Takardar gwamnati ba ta tambayar ido."

"Ka ce ta ƙare. Ka ce sai wata mai zuwa."

"Sai ya sa ki kai shi Lawton ya sayo kafin yamma. Kuma ya daina gaishe ni har in mutu." Ya tattara harsasan yana zuba su a kwali, ya ƙi haɗa ido da ni. "Harbi a layin maƙwabci ai yana faruwa. Kowa ya taɓa yi."

"Goma, Garland?"

Ya ɗauki takardar da ya ce za ta hau bango, ya ninke ta, ya cusa a kwandon shara ƙarƙashin kanta. Matsoraci! Gemu har ƙirji, zuciya ta kaza. Amma da wane baki zan zage shi, ni da na ce sa'a ce?

Delbert ya ɗora kwalin a cinya a cikin mota, hannu biyu a kai. Na tayar da inji na kunna sanyi, amma ban sa giya ba. Rana ta dake, kwalta har tana ƙyalli.

"Me muke jira?"

"Del, ban harba ko ɗaya ba."

"Me?"

"Goman nan naka ne. Takardata ka harba. Je ka tambayi Garland, a cike na mayar masa da ita."

Na ɗauka zai musa. Bai musa ba, kuma wannan ya nuna mini cewa wani sashe na zuciyarsa ya riga ya sani.

"Goma a ƙirji," ya ce a ƙarshe. "Sau biyu ke nan. Hannuna lafiya lau."

"Ƙirjin wa? Wannan ita ce maganar, ƙirjin wa? Ba ka ma san akwai takarda ta biyu ba!"

"Kusa da juna suke! Kuskure ne irin na gidan harbi."

"A coci nesa da juna mutane suke tsayawa? In wani ya shigo ta ƙofar nan yara suka watse, kana ganin ɗaya ne zai tsaya maka a tsakiya ya jira?"

"Kin rantse, Nona."

"Na rantse a kan ciwo, ban rantse a kan wannan ba."

"Hannunki na kan Littafi!" Ya bugi kwalin da tafin hannu. Sai muryarsa ta sauka. "Mota kin karɓe, ban ce komai ba. Tarakta na ba wa surukinmu, na ce baya ke ciwo. Farauta na bari. Ƙofar nan kaɗai ta rage mini. Ni na kafa abin nan, ni na tara su a falona. So kike in koma tsohon da ake ba takardun waƙa ya raba, ana shafa masa kafaɗa? Shekaru nawa nake tsaye a wurin, ko sau ɗaya hannuna bai kai ƙugu ba. Kuma ba zai kai ba. Tsayuwa kawai nake, Nona. Ki bar ni in tsaya."

Na tausaya masa har ƙirjina na zafi, na kuma ji kamar in shaƙe shi. Na sa giya muka tafi gida.

Sauran makon a kurkuku na yi shi, kurkukun da ni ke dafa abinci a ciki. In na ɗauki waya zan kira 'yarmu, sai in ji hannuna a kan Littafin nan. In na ajiye, sai in ga takarda na girgiza. Shi kuwa yana gareji da bindigar babu harsashi, yana ɗagawa yana saukewa har ɗigon ya daina ɓace masa. Ya zama mai kirki ma, abin haushi, har kwanuka ya wanke mini. Ranar Asabar na kai shi gonar Royce na zauna a mota. Ya fi kowa maki. Royce ya zo har tagar mota yana cewa, "'Yar'uwa Wynona, me kike ba tsohon nan ne? A sammana!" Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Lahadi ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya tsaya gaban madubi ya juya dama ya juya hagu. Babu abin da ya nuna, Garland ya san aikinsa. A coci ya kama ƙofarsa, ƙafa a ware, hannu ɗaya kan ɗaya a gaba, yana kallon filin ajiye motoci ta gilashi. Ni ina wajen teburin kofi ina jera kofuna, idona na kansa.

Aka tashi yara daga darasinsu don su zo su shirya waƙa. Suka ɓarko lungun. Junie na gaba, ta hango kakanta, ta sheƙo a guje ta hagunsa, ta faɗa masa a cinya da dukan ƙarfinta ta rungume.

Ya zabura. Hannunsa na dama ya share gefen kwat ya sauka a kan ƙota. Na ga baƙinta da idona.

Bai zare ba. Ya duba ƙasa, ya laluba da kai har ya same ta, sai hannun ya saki, ya gyara kwat, ya ɗora mata shi a ka. "Kai, 'yar nan, za ki kayar da tsoho!" Yarinya na dariya, ba ta san komai ba. Abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, kuma ba wanda ya gani sai ni. Shi kansa bai san na gani ba, don ina tsaye a inda babu ni.

Na ajiye kofin da ke hannuna. Na nufi babbar ƙofa inda Royce yake.

"Ɗan'uwa Royce, Delbert ba ya gani."

Ya yi dariya. "Jiya fa ya..."

"Tsakiya kaɗai yake gani. Likita ya faɗa, ina wurin. Ranar Talata ya zuba goma a takardar da ba tasa ba. Yanzun nan Junie ta taɓa shi ta gefe, hannunsa ya kai ƙugu. Je ka tsaya a kafaɗarsa ka ɗaga hannu, in ka ga ƙarya nake."

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya tafi. Ina kallo ya tsaya dab da kafaɗar Delbert, ya ɗaga hannu, ya kaɗa, ya sake kaɗawa, ƙaton mutum mai cika ƙofa. Delbert na kallon motoci. Royce ya sauke hannun a hankali, ya kira sunansa. Suka fita waje tare. Ban bi su ba, na shiga na zauna a bencinmu.

An fara waƙar farko ya shigo. Ya biyo tsakiyar coci yana dafa kan benci ɗaya bayan ɗaya, idon mutane na binsa, don ba a saba ganinsa a ciki ba. Ya zauna kusa da ni, ya bar tazarar da mutum zai iya shiga tsakaninmu. Kwat ɗin ta kwanta a ƙugunsa, babu komai a ƙarƙashi. Na miƙa masa gefen littafin waƙa, bai karɓa ba. Har aka yi addu'a, aka yi karatu, aka zagaya da farantin sadaka, muƙamuƙinsa sai motsi yake.

Sai aka hau da yaran gaba, aka jera su layi uku a kan matakala, suka fara rera tasu, rabi na waƙa rabi na ɗaga wa iyaye hannu. Na ga kan Delbert ya fara tafiya, a hankali, daga wannan fuska zuwa waccan. Ya kai ƙarshe ya dawo. Ya sake kaiwa ya dawo. Waƙar ta kusa rabi.

"Ina take?" ya ce, bai juyo ba.

"Layin tsakiya, wajen hagu. Riga ruwan ɗorawa."

Kansa ya koma can, ya tsaya a kan 'yar wasu.

"Ba zan yafe miki ba, Nona."

"Na sani," na ce. "Ƙara yin hagu kaɗan."